Keke, Burji da Kwarin Galma: Nasiha ga Samarin Birni

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da suka yi shekara da shekaru a jingine cikin zaure suka fara ganin rana. Mai facin da ya koma gyaran babur ya sake fito da kwanon ruwansa da gwangwanin sholisho. Malamin makarantar da a da ko kasuwar Amaru za shi sai ya tayar da mashin, yau ga shi nan yana murza feda ta Ƙofar Doka, ya ɗaure bakin wando da roba kada sarƙa ta ci. Da yawa daga cikinku, ƙannena da 'ya'yana, kun hau keken nan ne kuna sunkuyar da kai, kuna Allah-Allah ranar da za a hore muku babur ku jefar da shi. Ban ga laifin mai son babur ba. Sai dai tun da keken ya riga ya zo hannu, akwai aikin da yake yi wanda babur ba ya iyawa: yana fitar da mutum bayan ganuwa sannu a hankali, yadda idonsa zai ga ƙasa, kunnensa ya ji gaisuwa, har ya san inda aka haife shi.

Domin gaskiyar magana, ba ku san wurin ba. Yaron da ya tashi a Kwarbai ko Limancin Kona zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma tambaye shi ta ina Kubanni ya bi ya faɗa Galma, sai ya yi maka zuru. Alhali ruwan Galma ne ke zuwa famfon gidansu ranar da famfon ya ga dama, tumatirin miyarsu daga bakinsa aka tsinko, yashin da aka buga bulon ɗakinsa ma daga irin waɗannan rafuka tifa ta kwaso. Ganuwar da kakanninmu suka zagaye gari da ita ta zaizaye, wani wurin har an yi gini a kanta, amma da yawanmu in an ce bayan gari, iyakar abin da ke zuwa mana a rai shi ne titin Kano da titin Kaduna.

A ƙasashen da kwalta ta kai ƙofar kowane gida, mutane sun fara gundura da ita. A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, suka yi tseren keke na mil 200, kimanin kilomita 320 ke nan, a kan hanyoyin tsakuwa na manoma da makiyaya. Tseren nan, da yanzu ake kira Unbound Gravel, dubbai ke neman shiga kowace shekara, sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami gurbi. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya. A Kenya kuma tun 2021 ake yin wani na kwana 4 a ƙasar Masai, ana ratsa jar ƙasa da hanyoyin shanu. Kamfanoni har keke na musamman suka ƙera domin wannan, mai faɗin taya, wanda kuɗin wani ya isa a sayi mota 'yar gwanjo. Abin da waɗannan mutane ke biyan kuɗin jirgi su je nema, ga shi nan shimfiɗe da ka fita Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ko Ƙofar Bai: jan burji, turba, burtali, gangare zuwa rafi. Ban kawo zancensu don in ce sai Bature ya yaba abu sannan ya zama na kirki ba. Na kawo ne don mai jin kunyar keke ya ɗan sassauta wa ransa.

In kuwa gwaninta ake nema, ba sai an je Kansas ba. Ku tsaya da sassafe a bakin titin Jos, wajen gadar Galma ta Dakace, ku ga dattijon da ya ɗaure damin rake ko kwandon tumatir a bayan tsohon Raleigh ko Phoenix, keken da ba shi da giya, birkinsa na ƙarfe, ya hauro daga fadama bai sa ƙafa ƙasa ba. Irin wannan keke ne ya ɗauki malamin gona da malamin asibiti da masinjan En'e ya kai su ƙauyukan lardin Zazzau, zamanin da mota sai ta sarki da ta Razdan. Yawan masu saye ya sa har masana'antar harhaɗa Raleigh aka kafa a Kano. Mutanen karkara ba su taɓa sauka daga keke ba, mu 'yan birni ne muka sauka muka manta. Saboda haka in kun fita, ku fita a matsayin almajiransu.

Ku fara da riƙe taswirar ƙasar a ka. Zariya tana zaune a kan tudu mai faɗi, sama da mita 600 bisa teku, kuma kwarurukanta ba masu zurfi ba ne. Ƙasa ce take gangarawa a hankali zuwa rafi, ta sake haurawa, don haka babu hawan da zai fasa maka ƙirji, babu kuma shimfiɗar da za ta sa ka gyangyaɗi. Galma yana gabas, shi ne babba. Ya taho ta ƙasar Kubau inda aka yi masa babbar madatsa, ya zo ya gifta gefen Zariya, sannan ya karkata ya je ya haɗu da kogin Kaduna. Kubanni ya taso daga yammacin Samaru, an tare shi a cikin Jami'ar Ahmadu Bello ya zama tafkin da jami'a ke sha, ya wuce tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa Galma. Rafin Saye yana kudu, wajen da cibiyar nan ta tarin fuka da kuturta take. Yamma kuma Dutsen Kufena ne a tsaye, Wusasa a gindinsa. Wanda ya haddace waɗannan huɗu da wuya ya ɓata, domin Kufena daga nesa ake hango shi, kuma duk rafin da ka tarar ka san inda ya dosa.

Tafiyar farko ma ba sai an yi nisa ba. Ku zaga garin ƙofa-ƙofa: Doka, Kibo, Tukur-Tukur, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima, Bai. Zagayen ya haura kilomita 10, kuma ya ishi sabon mahayi ya gane ko sirdinsa ya yi masa daidai, ya kuma ga da idonsa inda ganuwa ta rage da inda aka kwashe ƙasarta aka yi tubali. Daga nan sai Kufena, wanda mutane suka zauna a gindinsa tun kafin Birnin nan ya zama abin da ya zama. A hanya ku ratsa Wusasa ku ga tsohon cocin nan na 1929 da aka gina da ƙasa, ginin Hausa sak, irin aikin maginanmu. A kwarin Kubanni kuma, in kun ci karo da wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ƙofofi a gefen gona, ku ɗauka ku duba, mai yiwuwa kashin maƙera ne. Masu binciken tarihi na jami'a sun tono matoyar ƙarfe a yammacin Samaru wadda ta haura shekara 1,000. Mai babur taka su yake yi ya wuce.

Amma inda na fi so ku daɗe shi ne fadamar Galma. A watan Disamba da Janairu tudu ya bushe ƙurmus, an tattara karan dawa, shanu na kiwo a sauran gona, sai ka gangaro kwari ka tarar da kore shar: fangalin albasa, tumatir, attaruhu, kabeji, karas, masarar rani, ga rake can ya yi duhu. Ku sauka, ku jingine kekuna, ku kalli yadda ake ban-ruwa. Kakannin waɗannan manoma da jigo suka yi, guga a bakin doguwar sanda, curin laka a ɗaya gefen, mutum ya yini yana ɗagawa yana zubawa don 'yar gonar da ba ta taka kara ta karya ba. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990, musamman da zuwan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, ƙaramin inji da tiyo suka kori jigo, noman rani ya faɗaɗa ƙwarai. To, injin nan fetur yake sha. Ranar da litar mai ta tashi kuɗin ban-ruwa ya tashi, kwandon tumatir ya bi sahu. Wato abin da ya fito da kekenku daga zaure shi ne ya rage jan miyar gidanku. Za ku ga wasu sun juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, masu hali kuma sun kafa faifan hasken rana a bakin gona. Ku tambaye su wanne ya fi sauƙi, za su ba ku lissafin da babu shi a littafin makaranta.

Ku koma wurin a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, za ku tarar da wata matsalar daban. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, ba wurin sanyaya shi, sai a yanka a baza a ƙasa ko a kan fa ya zama kauɗa, ƙura na hawa, awaki na ratsawa. A 2016 kuma akasin haka aka gani, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu. 'Yan birni a bakin mai kayan miya suka ji labari, bayan aikin gama ya gama. Ku da kuke karatun gona a Samaru, ko injiniya a Kwalejin Nuhu Bamalli, kuna ta neman abin da za ku rubuta a kundin kammala karatu har kuna kwafar na wasu, ga tambayoyi nan zube a bakin kogi: yaya za a busar da tumatir ba tare da ƙasa ba, yaya za a rage man da inji ke sha, me ya sa gaɓar kogi ke zubewa inda ake haƙar yashi. In ƙafa ta yi ƙwari, sai ku miƙa arewa wajen Hunkuyi da Kudan da Makarfi ku ga yadda ake matse rake a dafa mazarƙwaila. Wannan tafiyar yini ce, ba ta sabon shiga ba.

Kowace hanya tana da lokacinta. Mafi daɗi shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, burji ya daddale, ƙura ba ta riga ta tashi ba, ga sabuwar gyaɗa da gasasshiyar masara a kowane ƙauye. Da hunturu sai an rufe hanci da baki, a shafa man kaɗanya a leɓe da hannu, kuma a sani cewa direban tifa ba ya hango mai keke cikin hazo. Da bazara, Maris da Afrilu, a fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Damina kuwa, musamman Agusta da ruwa ya fi ƙarfi, lakar fadama takan cushe tsakanin taya da murfinta har keke ya ƙi juyawa, ka koma kai ne ke ɗauke da shi. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, in an yi ruwa a can sama yana iya kai maka ƙirji da la'asar, ko da ɗigo bai sauka inda kake ba. Kada ku gwada shi. Ku jira mutanen wurin, in sun ce ba a ƙetarewa, ba a ƙetarewa.

Game da keken kansa, kada wani ya ruɗe ku cewa sai mai tsada. Tsohon keken gidanku mai manyan ƙafafu an yi shi ne daidai irin wannan hanya, haka ma na gwanjon nan masu giya da kaurin taya. Wanda bai dace ba shi ne siririn keken tsere, tayarsa nutsewa take yi a yashi, tsakuwa kuma ta yanka ta. Ku gyara sirdi yadda in kun ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa za ta miƙe. Yawancin ciwon gwiwar da samari ke kuka da shi daga gajeren sirdi ne. Iska kuma kada a cika ta tam kamar za a hau kwalta. A kan gargada taya mai tauri tsalle take yi, ta gajiyar da hannu, ta ƙi kama ƙasa, amma in an ɗan rage sai ta lafe. Kada dai a rage har rim ya riƙa dukan dutse, domin nan take zai tsinke tub gida biyu. In kun shiga yashi, ku koma da nauyinku baya, ku ci gaba da murzawa, ku bar kan keke ya nemi hanyarsa, kada ku murɗa shi da ƙarfi. A gangaren tsakuwa, wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai ya sha ƙasa. Birkin ƙarfe kuma in ya jiƙe ba ya kamawa, don haka da kun fito daga ruwa ku ɗan riƙe shi kuna tafiya har ya bushe. Hular kwano ba ado ba ce. Sule Kangangi, ɗan Kenya, yana cikin gwanayen wannan fanni a Afirka, kuma faɗuwa ce ta yi ajalinsa a wani tseren burji a jihar Vermont ta Amurka cikin Agustan 2022.

Wani kuskure da kusan kowa ke yi shi ne tsiyaya baƙin mai a sarƙa har yana ɗiga. Ƙura ta hau, ya zama tamkar dutsen niƙa, ya cinye haƙora cikin 'yan watanni. Ku goge sarƙa da tsumma, ku ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ku sake gogewa. Babban abokin gabar taya a ƙasarmu shi ne tsidau da ƙayar bagaruwa, kuma sun fi yawa a gefen hanya da ƙarƙashin itatuwan da ake sha'awar hutawa. Kowa ya koyi faci da hannunsa kafin ya fita, ya riƙe famfo, tub guda, sholisho da sifana. Sholishon na taya ne, kun dai gane abin da nake nufi. Ga cikinku kuma, gorar ruwa biyu, dabino, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Wanda zufa ta kwashe har ya fara jin jiri, a jiƙa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a litar ruwa mai tsabta, ya sha a inuwa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan nasiha, shi ne ku tuna cewa hanyar tana da masu ita. Ku nishaɗi ya fito da ku, su kuwa wurin neman abincinsu ne. Tiyon da kuka gani ya gitta turba kuɗi ne, in taya ta fasa shi an kashe wa mutum ban-ruwan yini, don haka a sauka a ɗaga keke. Ba a yanke ta kan kunya ko fangali don a rage tafiya. Barkono ko masarar da aka shanya a gefen burji ba a bi ta kai. In kun haɗu da mai kaya a matsattsiyar hanya, ku ne za ku kauce, ko da yaro ne, domin tsayawa da buhu biyu a kariya ba wasa ba ne. A burtali shanu ke da gaba: ku tsaya gefe ɗaya gaba ɗayanku, ku yi shiru, ban da ƙararrawa, ku gaida makiyayi, ku bar garke ya wuce. Kusa da ruga ku sauka ku tura, kare ya fi bin wanda ke gudu. Rake da mangwaron bakin hanya na wani ne. Ku tambaya, da wuya a hana ku, sau da yawa ma a ƙi karɓar kuɗinku, kuma wannan ba dalili ba ne na ku ƙi miƙawa.

In kun zo wucewa ta majalisar dattawa, ku sauka daga keke. Na san a Birni an fara barin wannan, yaro kan ɗaga hannu daga kan babur ya wuce mahaifin abokinsa, amma a ƙauye har gobe ana lura. Ku yi sallama, ku ce sannunku da hutawa Baba, ku faɗi daga unguwar da kuke da gidan da kuka fito da inda za ku. Sau da yawa za a sami wanda ya yi karatu a zauren wani malami na unguwarku, ko wanda 'yarsa ke aure can, nan take kun tashi daga baƙi kun zama 'ya'ya. In garin za ku ɗan zauna, ku nemi mai unguwa ku gaishe shi. In an kira salla ku tsaya ku bi jam'i. Ku sa suturar da za ku iya shiga sahu da ita, matsattsen wandon da kuke gani jikin masu tsere a waya ba na ƙauyen Zazzau ba ne. Waya kuma ta zauna a aljihu. Ba a ɗaukar hoton matan aure a bakin rafi, ko cikin gidan mutum ta saman danga, ko yaran da ba su da riga don a sa a Facebook a yi dariya ko a nemi tausayi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan birni ya sha furar mutane, ya juya baya yana kwaikwayon maganarsu. Wanda ya yi haka ya rufe wa duk mai zuwa bayansa ƙofa.

Wannan ladabi a yau har da tsaron rai a cikinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan bindiga sun addabi sassan Giwa da Birnin Gwari, kuma sun sha taɓa gefen Zariya kanta, kamar yadda suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli cikin Yunin 2021 suka tafi da malamai da ɗalibai. Mutanen da suka ga irin wannan, in suka ga baƙin fuskoki biyar suna yawo a bayan gari suna nuna gonaki suna duba waya, abin da zai fara zo musu shi ne infoma, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Saboda haka kowa ya riƙe katin shaida. In 'yan sintiri sun tare ku, ku sauka ku amsa tambaya da fara'a, ban da gardama. Halin hanya yana sauyawa daga wata zuwa wata, kuma waɗanda suka fi kowa sani su ne 'yan acaɓan da ke bin ta da masu kawo kaya kasuwa. Ku tambaye su daren da za ku tashi, ku sake tambaya a ƙauyen farko. In an ce kada ku wuce gari kaza, ku juya, ko da saura ƙiris ku isa inda kuka yi niyya. Kada mutum ya fita shi kaɗai, kada kuma ku yi taron da zai firgita gari, mutum uku zuwa biyar ya isa. Ku gaya wa iyayenku ta ƙofar da kuka fita da lokacin da za a sa ido, ku kuma tabbata la'asar ta same ku kuna hango rimayen Birni. Kada ku sanar da duniya hanyar da za ku bi tun kafin ku bi ta.

Sai ruwa. Bayan an sha rana, babu abin da ke jan saurayi kamar ya tuɓe ya faɗa kogi. Ku yi haƙuri. Ruwan da ke kwance a gefen madatsa da kududdufan fadama shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, kuma sai bayan makonni mutum ya fara ganin jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma wadda aka bari ta daɗe tana lalata mafitsara. Kubanni kuma, daga inda ya ratso gari, ya kwashi kwatar unguwanni da yawa, ga maganin feshin da ke gangarowa daga lambuna. Ku yi alwala da ruwan rijiya ko na burtsatsen ƙauye, can ne kuma za ku cika gora.

In akwai mai ƙafa a cikinku wanda ransa ke son tsere na gaske, ban hana shi ba. Biniam Girmay na Eritriya ya ci koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024, abin da ɗan Afirka bai taɓa yi ba kafinsa. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na gasar Olamfik, a birnin Paris, inda sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke a wani rukunin. Wannan kaɗai ya nuna muku inda muke a harkar. Mai wannan buri ya nemi titi mai faɗi da asuba ya gwada gudunsa, kada ya mai da turbar ƙauye filin tsere, inda yara da kaji da tsofaffi ke fitowa daga lungu ba sanarwa.

Abu ɗaya nake roƙonku ku riƙa yi in kun dawo. Taswirar waya ta san titin Jos, amma ba ta san turbar da ta ratsa tsakanin gonakin rake ba, ba ta san sunan rabin ƙauyukan ba, waɗanda ta sani ma ta karkata sunayen. Ku sayi littafi ɗaya na ayari, ya zauna a zauren ɗayanku. Duk wanda ya fita ya rubuta ranar, da ƙofar da ya bi, da sunayen garuruwa yadda masu su ke faɗa, da mashigin da ake ƙetarewa da rani amma ba a ƙetarewa da damina, da rijiyar da ruwanta ke da daɗi, da mai unguwar da ya karɓe ku, da abin da ake shukawa bana inda aka shuka wani abu bara. Kada kuma ya manta ya rubuta inda ya ga mai faci na ƙarshe kafin a gangara fadama, da ko yana fitowa ranar Juma'a, domin shi ne abin da ayarin mako mai zuwa zai fara tambaya.